Bayan Bi'ir Ali

Madina, unguwar Uhudu
12 ga Safar, 1402

Zuwa ga ɗana Lurwanu, jikan Baffa Ashafa, a ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, sanyin ƙasar bai cinye maka kunnuwa ba. Ɗiyata Lauratu tana gaishe ka. Da Larabci ta yi gaisuwar, ni na juya maka ita, don har gobe in na yi mata Hausa da "ɗayyib" take amsawa. In ka rubuta Damagaram ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata butar da ta manta a ɗakina lokacin haji tana nan.

Tun da kuka tafi nake dariyar karatunka. Namiji da gemunsa ya tsallake teku don ya koyi Latin, harshen da ka faɗa min da bakinka cewa masu shi sun daɗe a ƙasa. Me kake tonowa a ciki, Lurwanu? Ka faɗa min, in ji ko ya kai a bar gida dominsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ciwon cikin nan da ka gani ina dafewa, ashe ƙari ne. Wani likita ɗan Masar ya ce sai an yi aiki, kuma kayan aikin ba su nan, sai Jidda. Bai ɓoye min komai ba. Ya ce zuciyata ba ta da ƙarfi, cikin irina goma uku ba sa farkawa. In kuma aka bar shi, shekara guda ce ko ƙasa da haka. Na ce na ji, a yi. Sai ya miƙo takarda, ya ce waliyyina ya sa hannu. Mijina ya rasu, ban haifi namiji ba, ka ga ke nan sai Yaya Balarabe.

Na kai masa takardar shagonsa na unguwar Sultana. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya ce, "Sharifa, mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su cika a garin Manzo, ke kina neman takardar fita? In ba ki farka ba fa? A Jidda za ki cika, a Jidda za a rufe ki, ga Baba da Inna a maƙabartar Baƙi'a suna jiranki."

Na ce, "Yaya, ni ba mutuwa nake nema ba, balle in zaɓa mata gari."

Ya ce halas, magana ta ƙare. To a wurina ba ta ƙare ba. Shekarata hamsin da shida, har yau ni nake ɗaukar buhun dabino a rumfata ta gindin dutse, in yi ciniki da Baturke da Ba'indiye ba tafinta. Tsoron wuƙa ina ji, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ina son raina.

Abu biyu nake so. Ka tambayi likitan can ko gaskiya ɗan Masar ya faɗa. Sannan ka rubuta wa Yaya da sunan gidan Damagaram, wataƙila ya ji kunyar dangi. Ka aiko ta akwatin wasiƙun shagonsa, shi ne kawai muke da shi.

Gwaggonka, Sharifa

Eks, Faransa
4 ga Janairu, 1982

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki jiya, na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Ina lafiya, kunnuwana suna nan duka biyu. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Na fara da abin da ya fi. Akwai wani likita ɗan Senegal da muke sallar Juma'a tare, na karanta masa abin da kika rubuta. Ya ce bai gan ki ba, ba zai yanke hukunci ba, amma irin wannan ƙari kowane wata da ya wuce aikin yana ƙara wuya. Kada ki jira, Gwaggo. Ga wasiƙar da na rubuta wa Baba Balarabe nan na sa cikin ambulan ɗaya da wannan.

Kin tambayi abin da nake tonowa. Kalma guda nake bi, vivere, wato yin rayuwa. Gaskiya ne Latin ta mutu, amma ta bar 'ya'ya, kuma kalmar tana bakinsu. Bafaranshe ya ce vivre, mutumin Sifaniya vivir, na Fotugal viver, na Italiya ko wasali bai taɓa ba. Mutanen Rumaniya ne kawai suka aro wata daga maƙwabta don zancen yau da kullum, amma sunan rai ɗin suka riƙe na gado. Su ne Lauratun gidan.

Abin da ya hana ni komawa gida shi ne yadda suka baza kalmar. Ruwan da ke gudu suna ce masa aqua viva, ruwa mai rai. Zaman cin abinci da baƙi convivium ne, wato rayuwa tare. Yarinya mai kuzari da bakin magana a Italiya vivace ce, Faransawa kuma da kalmar suke kiran tsiron da ake yankewa ya sake tohowa, irin na'anarki ta bayan gida. Duk lokacin da na rubuta ta sai in tuna ki kina ciniki.

Ran Asabar nakan je wani gari kusa, Arles, in kwafi rubutun duwatsun kaburburan Rumawa. Wasu suna fili, wasu an gina su a bangon tsofaffin coci, sai na shiga nake ganinsu. Yawanci ba sa rubuta wane ya mutu. Sukan rubuta vixit, ya rayu, shekara kaza da wata kaza, har da kwanaki. Na ga na wata mata da aka ƙirga mata kwana tara a kan shekarunta. Wanda ya biya mai sassaƙa ya ƙara kwana tara, ya san darajar kwana ɗaya.

Ki rubuto da duk abin da Baba Balarabe ya ce.

Ɗanki, Lurwanu

Madina, Uhudu
20 ga Jimada Ula, 1402

Lurwanu,

Sallama. Ina gaishe ka don addini ya ce a yi gaisuwa. Lafiyata kuwa, tun da ba ka tambaya ba, cikin ya ƙaru, zanena na da ba ya zagayowa.

Wata uku ke nan. Duk Juma'a sai na tambayi Yaya ko akwai saƙo, ya ce babu. Ko wasiƙar kan jaki aka ɗora da ta iso. In bayan Yaya kake, ka fito ka faɗa, kai ba yaro ba ne. In kuma matattunka ne suka riƙe ka, ka gaishe su, ka ce akwai wata mai sauran numfashi da ke jiran layi.

Bari in ba ka labarin yadda ake binne mutum da ransa. Sakinatu matar Yaya ta kawo min likkafani da aka jiƙa da Zamzam, ta sa min a kan akwati, ta ce kyauta ce. Matan unguwa suna zuwa bayan la'asar su zauna su yi shiru, in na yi wasa sai su dubi juna. Wata ta ce min, "Ya bahatik, Sharifa, kin san ranarki ta kusa, ga ki kuma a Madina." Wai sa'ata! Wata kuma ta tambaya a hankali wa zan bar wa rumfa. Na ce wa zan bar wa, ina ciki? Washegari na fita tun hantsi, na sayar da lalle da habbatussauda har sai da ƙafafuna suka kumbura. Da na dawo na yi amai, na yi kuka ni kaɗai, na wanke fuska.

Ba ƙin Baƙi'a nake ba. Wa zai ƙi maƙwabtaka da Manzo? Amma Allah da ya ba ni rai bai ce in mayar masa tun bai aiko ba.

Ba zan sake rubutawa ba sai na ga hannunka.

Sharifa

Madina, Sultana
27 ga Jimada Ula, 1402

Daga Balarabe ɗan Malam Bature zuwa ga Lurwanu.

Bayan sallama da fatan kana cikin lafiya da imani. Mu nan alhamdu lillahi.

Wasiƙarka tana hannuna tun Rabi'ul Awwal. Ni na buɗe, ni na riƙe, kuma ba na neman afuwa. Na ga ajami, na ga wani rubutu a tsakani da ban sani ba, sai na kai wa maƙwabcina Audi mai walda, mutumin Chadi, wanda ya yi makarantar Faransawa. Ya ce wannan harshen da limaman Nasara ke addu'a da shi ne, yana jin su da shi a Fort Lamy. Kai da kanka ka rubuta cewa kana shiga coci duk Asabar. To mace mara lafiya, da ya kamata ta riƙe kalmar shahada, ita za ka aiko wa da kalmomin coci da zancen kaburburan waɗanda ba su san Allah ba?

Ka ji abin da ba ka sani ba. Mahaifinmu shekara bakwai ya yi a hanya daga Damagaram, da ƙafa, yana noman ƙodago a Sudan. Ina da shekara tara muka taso. Ƙannena biyu muka rufe a hanya, ba wanda ya san inda suke yau. Sharifa a nan aka haife ta, ba ta ga wannan ba, ni na gani. Da Baba zai cika ya kama hannuna ya ce, "Na kawo ku, kada ka bari a sake barin wani a hanya." Ni kaina tun hajina na ƙarshe, shekara goma sha tara ke nan, ban wuce Bi'ir Ali da ke bakin Madina ba. Ko bikin ɗana a Makka ban je ba.

Ba ƙinta nake ba. Ita kaɗai ta rage min. In na sa hannu ta cika a Jidda, me zan ce wa Baba?

Kada ka sake rubuto mata.

Balarabe

Eks, 12 ga Afrilu, 1982

Baba Balarabe,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya.

Sallata biyar tana nan, Baba. Latin ta girmi coci da ɗaruruwan shekaru, manoma da masunta ne suka yi ta, limamai daga baya suka ɗauka. Duwatsu nake shiga karantawa, kamar yadda mai gini ke shiga duba bango. Amma ko da na yi laifi, ni za ka hukunta. Gwaggo ce ta yi wata uku ƙarin yana girma, tana zaton dangi sun yar da ita.

Na yi kuka da labarin ƙannenka. Sai dai su ba su sami likita a hanya ba, ita ga likita yana jiran sa hannunka.

Ka ce kada in sake rubuta mata. Ka gafarce ni, wannan ba zan bi ba, kuma ba zan yi a ɓoye ba. Alhaji Maiturare na Marseille zai taso umra jibi. Na ba shi kwafin wasiƙar farko, da taka, da wannan, zai sa su a hannun Gwaggo.

Ɗanka, Lurwanu

Madina, Uhudu
16 ga Rajab, 1402

Ɗana Lurwanu,

Assalamu alaikum, da gaisuwa ta gaske wannan karon. Ka yafe min baƙar wasiƙar nan, bakina ya riga hankalina. Maiturare ya kawo saƙo. Jikin dai ga shi nan, tuwo ba ya shiga sai kunu.

Na karanta kalmominka sau uku. Ashe matattun naka ba wawaye ba ne. Ta cin abinci tare ta fi burge ni, don rabon da wani ya sa hannu a kwano ɗaya da ni tun Safar, sai a zubo min nawa daban kamar mai kuturta. Na sa Lauratu ta zauna muka sha kunu a ƙwarya guda. Wannan vivace kuma da ka laƙaba min, na karɓa, in dai ba zagi ba ce.

Wasiƙar Yaya ce ta hana ni sukuni. Ban taɓa sanin abin da Baba ya ce masa ba. Na ji tausayinsa har cikin ƙashi, amma kuma a cikinta na ga inda zan kama shi.

Ka san Bi'ir Ali, inda kuka ɗaura harami. In ka wuce can da tafiya kaɗan, kowa ya yarda ka fita hurumin Madina. Akwai motar da ke kai na'ana da kayan lambu hanyar Badar kullum da safe. Ran Asabar na shiga da tabarmata da gorar ruwa, na ce direba ya sauke ni a gidan man da ke bayan iyaka. Na shimfiɗa a inuwar bango na zauna har la'asar, motar ta dawo ta ɗauke ni. Na aika wa Yaya cewa kullum can zan wuni. In mutuwa ta zo da rana, a waje za ta same ni, da aiki ko ba aiki.

Ranar farko ya ce hauka ce. Ta biyu ya aiko Sakinatu ta tare ƙofa, na fita ta wajen maƙwabta. Ta uku zafi ya kayar da ni, masu gidan man suka yayyafa min ruwa, na tashi na koma kan tabarmata. Tsoro kam na ji shi ranar, na ce ashe da gaske zan tafi a gindin famfon fetur.

Rana ta huɗu wajen azahar na ga motar Audi ta tsaya can nesa, daidai inda ake cewa iyaka ce. Yaya ya fito da sandarsa ya tsaya. Ya ɗaga murya, "Sharifa! Ta'ali, zo nan!"

Na ce, "Kai ka zo, Yaya. Ƙafata ta kumbura."

"Kin san ba na wucewa."

"Na sani. Ni ma ka san ba na dawowa."

Ya daɗe a tsaye, manyan motocin masu umra suna wucewa suna kaɗa masa riga. Sannan ya tako. Tafiyar ba ta fi taku ɗari biyu ba, amma na ga leɓensa yana motsi har ya iso. Ya zauna a gefen tabarma yana haki, ya ce, "Ke tun kina goye ba ki da kunya." Na ce a bayansa na koya. Ya ce ina waraƙar, wato takardar likita. Na ciro ta daga lalita, ya ɗora a gwiwa ya sa hannu, ya ce, "Amma ba za ki tafi da Lauratu kaɗai ba. In za a bar wani a hanya, sai ina tsaye."

An ba mu ranar aiki, biyar ga Sha'aban. Ka yi mana addu'a, da harshen da Allah ya hore maka.

Gwaggonka, Sharifa

Madina, Uhudu
9 ga Ramadan, 1402

Lurwanu,

Sallama da barka da shan ruwa. Ka ga rubutun yana rawa, hannuna ne, ban yarda kowa ya rubuta min ba. An yi aiki, an cire ƙarin, likita ya ce ya kai kan jariri. Na farka. Ina cin abinci, ina zagaya tsakar gida.

Yaya Balarabe ya rasu a Jidda ranar da aka yi min aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lauratu ce ta ba ni labari, bayan kwana shida, don likita ya hana a faɗa min. Ta ce tun safe yana zaune a bencin ƙofar ɗakin aiki, bai ci ba bai sha ba, awa biyar. Da likita ya fito ya ce an gama lafiya, sai ya yi dariya, ya ce mata da Hausa, "Uwarki ta ci wannan karon." Ya ce zai je masallacin asibiti ya yi raka'a biyu na godiya. A can ya faɗi. Kafin Lauratu ta sami wayar da za ta kira Madina, kafin ɗansa ya taso daga Makka ya nemi takardun ɗaukar gawa, zafi ya yi yawa, hukuma ta ce a rufe. Bayan la'asar washegari aka kai shi wata maƙabarta a Jidda, ina kwance da roba a hanci ban san komai ba. Da na farka ina ta tambaya ina Yaya, suna ce min ya je hutawa.

Na yi kuka har ɗinkin ya yi jini. Shekara goma sha tara yana tsare da abu ɗaya, ni na fizge masa.

Sakinatu ba ta yi min magana. Matan da ke zuwa zaman jiran mutuwata sun daina zuwa, wata ta aiko a tambaye ni ko yanzu hankalina ya kwanta. Na ce a gaya mata bai kwanta ba, kuma ba zan nemi gafarar kowa don na rayu ba. Gafarar mutum ɗaya nake so, shi kuwa ya ji labarin na farka, ya yi dariya. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Likita ya ce in riƙa komawa duk wata uku, kuma bai yi alkawarin ƙarin ba zai dawo ba. Ranar da za mu taho na sa direba ya bi da ni ta maƙabartar. Mata ba sa shiga, sai na tsaya a bakin katanga na yi masa sallama. Ba wanda Yaya ya sani a kwance a wurin, Lurwanu, ko mutum ɗaya.

Don haka na tara Lauratu da ɗan Yaya na yi wasiyya, kai ma ka zama shaida. In ciwon ya dawo, kada wanda ya tsaya da ni a Madina don neman Baƙi'a. A sa ni a mota a kai ni Jidda wurin wuƙa. In na tashi, na tashi. In ban tashi ba, Yaya ba zai kwanta shi kaɗai cikin baƙi ba.

Gwaggonka, Sharifa